Teku a Hannun Hagu

Ranar da na gaya wa Hajja zan je in ga teku, tana bakin ɗakinta tana tsintar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Maigida, Dadin Kowa ne ya ƙafe?"

Na ce bai ƙafe ba.

"To ruwa ai ruwa ne. In wanka kake so ga randa can."

Hajja kakata ce ta wajen uba, kuma duk gidanmu na Jekadafari ita kaɗai zan faɗa wa magana irin wannan ba a tara mini dangi ba. Mijinta falken goro ne. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963 yake zuwa Shagamu, wata shekarar ya zarce Kumasi da Ankara ta Gana, sai a yi wata biyar ba a ji ɗuriyarsa ba. Ban taso na same shi ba. Abin da na tarar nasa shi ne tsabar wuri a wata tsohuwar kwalla ƙarƙashin gadon Hajja, da wata magana da take yawan maimaitawa, wai ya ce can kudu akwai ruwan da ba shi da tsallake. Tun ina yaro maganar ta tsaya mini a rai. Duk ruwan da na sani yana da tsallake. Gongola na da shi. Dam ɗin Dadin Kowa ma, duk faɗinsa, in ka tsaya a baki kana hango duwatsun ƙetare.

Ni bakaniken babura ne, shekara 16 ina kwance inji ina ɗaurawa. Mashin ɗina Boxer ne irin na 'yan acaɓa, ba wani abin a zo a gani ba, sai dai babu notin da ban sani ba a jikinsa. Wanda ya tayar da tafiyar wani direban tirela ne da nake gyara wa ɗansa mashin. Wata Laraba cikin hunturu ya biyo ta gareji, yake cewa yana lodin wake a Tudun Hatsi, jibi zai kama hanyar Ikko. Na ce da wasa, "Oga, ba gurbin mashin ɗaya a saman buhu?" Ya ce akwai har na biyu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kam nawa a daren tafiyar na fafe shi. Fasfo da katin allurar shawara ina da su tun wata tafiya da Allah bai nufa ba. Na haɗa takardun mashin, sifana huɗu, fulogi biyu, wayar kuloci, kayan faci, famfo, buta, dadduma da hular kwano. Na bar wa babban yarona makullin gareji. Ya ce yaushe zan dawo, na ce ranar da ya gan ni.

Kwana uku muka yi a hanya, ba kuma zan ɓata muku lokaci da su ba. Sanyin Jos ya hukunta ni a saman wake, zafin Lokoja ya rama wa sanyin, daga nan sai daji mai duhu da garuruwan da ban riƙe sunansu ba. Abu ɗaya direban ya kafe a kai: ba za a sauke mashin a cikin Ikko ba. Tun 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama, kuma wanda aka kama niƙe shi ake yi, ba ruwan kowa da cewa kai yawon buɗe ido ka zo. Da aka sauke waken, ya haɗa ni da wani abokinsa mai zuwa Agbara ɗaukar kaya. A can aka kwance mini mashin da asuba, na buga shi sau biyu ya tashi, na ce bismillahi.

A Badagiri na fara jin kunya. Na bi titi har ya ƙare a bakin ruwa, na kafe mashin, na tsaya ina kallo, sai ga bishiyoyin kwakwa reras a ƙetare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kilomita sama da dubu na yi don in zo in ga abin da bai kai Dadin Kowa ba? Wani mai tsire da ke hura gawayi a gefe ya lura da ni, ya dubi lambar mashin, ya ce, "Malam, daga Gombe? Lafiya kake tsaye kamar an yi maka mutuwa?" Na gaya masa. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Ashe wannan tafki ne kawai da ya raba gari da tsibirin Gberefu, teku tana bayan kwakwar. Ya ce in bar mashin a wajensa in shiga kwalekwale.

Daga inda aka sauke mu akwai tafiyar ƙafa cikin rairayi. Kafin in gan ta na ji ta. Wani gurnani ne kamar tireloli da yawa na hawan tudu da lodi, ba ya kusantowa, ba ya kuma wucewa. Da na hau ɗan tudun ƙarshe sai ƙafata ta tsaya da kanta. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Na dai san na bi bakin sama da ido daga gabas zuwa yamma ina neman dutse ko bishiya ko wani baƙin abu da zan ce ga ƙetare, ban samu ba. Ruwan kuma ba kwance yake ba irin namu. Tasowa yake ya fi tsayin mutum, ya naɗe, ya faɗi da ƙarfi, ya zo da gudu har ƙafarka, sannan ya ja baya yana zare rairayin da kake tsaye a kai. Mai kwalekwalen ya riga ya gargaɗe ni kada in wuce gwiwa, domin tekun wannan yanki tana da ja ta ƙasa, tana tafiya da gwanayen iyo ma, balle ɗan Gombe.

Azahar ta yi mini a wurin. Tun a karatun zaure aka koya mana cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, mushen cikinsa ma halal ne. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan hukunci ba ni da inda zan yi aiki da shi. Na ɗebo a buta da murna. Wanke hannu lafiya lau. Da na zo kurkurar baki sai da na ga taurari, shaƙa hanci kuwa ba a magana. Na yi salla teku na damana, hawaye na zuba, ni kaina ban rabe na gishiri da na wani abin ba.

Da yamma na leƙa benen nan da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko irinsa a Najeriya, sannan mai tsire ya kai ni masallacin da 'yan Arewa ke salla. Bayan isha wani dattijo mai sayar da carbi da turare ya tambaye ni inda na nufa. Na ce wallahi Baba ban sani ba, abin da na zo gani na gani, amma ban ƙoshi ba. Ya yi shiru yana jan gemu, can ya ce, "To ɗana, ga hanya mai sauƙi. Ka bar teku a hannunka na hagu ka yi ta tafiya. Duk garin da magariba ta same ka, ka tambayi zango. Ranar da aljihu ya ce ya isa, ka mai da ita hannun dama." Iyakar tsarin tafiyata ke nan.

Daga Badagiri zuwa Seme ba nisa, amma shingayen da ke tsakani na ƙirga har na gaji. Kowa tambayarsa ɗaya: ina za ka? A shingen farko na faɗi gaskiya, cewa teku nake bi. Gaskiyar ta ci mini kusan awa guda, aka zazzage jakata har kayan faci. Daga nan na koyi cewa "Kwatano, wajen ɗan'uwana." Ban ɗauke ta ƙarya ba, tunda Baba ya ce akwai zango. A kan iyaka aka buga mini hatimi, aka duba katin allura, aka yanka wa mashin takardar shiga ta ɗan lokaci. 'Yan canji kuwa duk namu ne, da Hausa na sayi sefa.

Ƙetarawa ke da wuya na ga abin da ya burge ni a matsayina na mai gyaran abin da mota ta take: babura suna da nasu layi daban a gefen babban titi. Kowa da hular kwano, har wanda aka goya. Ina cikin kallon wannan na biyo ayarin wasu babura a wani shataletale, ban farga ba sai da na daina jin iskar teku. Ashe hanyar Porto-Novo na kama. Ranar farko ke nan na karya dokar Baba. Na ce tunda an zo a ƙarasa.

Porto-Novo ce babban birnin Jamhuriyar Benin a takarda, ko da yake harka duk tana Kwatano. Na tambayi masallacin Juma'a aka nuna mini wani gini kusa da kasuwa mai fenti kala-kala da ado a goshi. Na wuce shi sau biyu, don na rantse coci ne. Sai da na ga takalma a ƙofa. Wani tsohon malamin makaranta da muka yi la'asar tare, da guntun Turancinsa da guntun nawa, ya bayyana mini cewa zuriyar bayin da suka dawo daga Birazil ne suka kawo wannan salon gini, irin na majami'un birnin Salvador da suka baro, shi suka iya, da shi suka gina wa Allah ɗaki a farkon ƙarni na 20. Na ce Musulmi a Birazil? Ya dube ni ya ce, "Har da naku." Ban gane ba a lokacin, na dai ajiye maganar.

Kwatano garin babura ne. Masu acaɓarsu, da suke kira zemijan, riga ruwan ɗorawa suke sawa da lamba a baya, in danja ta tsai da su sai ka ce garin ɗorawa aka shanya. Ɗaya daga cikinsu na ce wa "Zongo" kawai, ya yi mini alama in bi shi. Da muka shiga unguwar sai ƙanshin tsire da kiran salla da "sannu da zuwa" suka tare ni. Na zauna teburin wani mai shayi ɗan Nijar, na sha shayi da dogon burodin nan nasu mai ɓawo. Na ce nawa? Ya ce dala sittin. Gabana ya faɗi, na fara lissafin dalar Amurka. Mutanen teburin suka fashe da dariya. A lissafinsu dala ɗaya sefa 5 ce, dala sittin 300 ke nan, 1,000 kuma jika ce. Har na baro ƙasar ina ninkawa da yatsu.

Kwana uku na yi a zangon, a ɗakin wasu 'yan Dosso masu sayar da agogo, ba wanda ya karɓi ko sisina. Rana ta biyu na kasa zaman banza, na tsaya rumfar wani bakanike ina kallo yana fama da Haojue mai tari. Ba ya jin Hausa, ba na jin Faransanci. Na nuna masa kafireto, ya miƙo mini sukundireba. Muka kwance, ga laka a ciki. Dalilin bai ɓuya ba: man da ake sayarwa a manyan kwalabe a bakin titi, wanda suke kira kpayo, namu ne na Najeriya da ake tsallakowa da shi, kuma kafin ya iso tanki ya bi jarkoki da yawa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 su ma sun ji a jikinsu kamar mu. Na yini a rumfar, da yamma ya raba kuɗin aiki ya ba ni kasona. Na ƙi, ya tura mini a aljihu. Kasuwar Dantokpa kuwa na shiga na ɓata na fito, abin da na tsira da shi cukun Fulani ne mai jan baya da wata baiwar Allah ta sayar mini da Fulatanci.

Inda tafiyar ta zama tafiya shi ne hanyar masunta, wadda ta tashi daga unguwar Fidjrossè ta bi gaɓa har Wida, wajen kilomita 40. Akwai babban titi ta ciki, amma shi ba ya ganin teku. Da farko kwalta ce sumul, ina ta yabon kaina. Sai kwalta ta ƙare. Na saba da yashin rafi a hanyoyin ƙauyukanmu, na ɗauka duk ɗaya ne. Wannan laushi gare shi kamar gari. Tayar gaba ta nutse, na yi kuskuren da nake hana yarana, na damƙe birkin gaba, sai ga ni a ƙasa, salansa ta lasar mini ƙauri. Na tashi na duba ko wani ya gani. Yara wajen goma ne suka gani. Na rage iskar tayoyi, na ja jiki baya kan kujera, na sa giya ta biyu na bar mashin ya nemi hanyarsa. Haka muka daidaita.

Gaba kaɗan na tarar da mutane sun fi talatin a jere, maza da mata da yara, sun kama wata igiya mai kaurin hannu da ta shige cikin teku, suna ja da baya da baya suna waƙa. Can nesa wani layin yana jan ɗaya bakin. Taru ne, kwalekwale ya kai shi ciki tun da safe ya zagayo. Na tsaya kallo, wani ƙato ya yafuto ni, ya nuna mini gurbi a bayansa. Na ce a raina minti goma ne. Awa biyu da wani abu muka yi. In ka kai ƙarshen layi sai ka saki ka koma gaba ka sake kamawa. Waƙar ba ta nishaɗi ba ce, ita ke gaya wa kowa lokacin da zai ja, kamar yadda mata ke haɗa luguden daka. Tafin hannuna, da nake taƙama sifana ta gama da shi, ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, gishiri ya shiga.

Da tarun ya fito, ni dai na ga kifin bai kai wahalar ba. Ƙanana ne masu walƙiya, da kaguwa, da ledoji da robobi masu yawa da sai da aka tsince. Mata suka zo da manyan kwanoni, aka yi ta ciniki da hayaniya. Aka kasa, mai taru da nasa, masu kwalekwale da nasu, duk wanda ya taɓa igiya kuma da ɗan abinsa. Aka zuba mini nawa a hular kwano. Cikin masuntan akwai wani ɗan Gana da ya taɓa zama a zango, yana jin Hausa irin tasu. Shi ya sa matarsa ta soya mini, aka haɗo da wani abu kamar kafa da jan yaji. Na tambaye shi manyan kwalekwalen nan masu rubuce-rubuce a jiki, ya ce daga Gana ake sassaƙo su, gindinsu duk ice ɗaya ne, sunan icen kuma wawa. Na ce me? Ya ce wawa. Na ce to lallai, mai shiga wannan ruwa da duhun asuba ai sai a kan wawa. Ya daɗe yana dariya kafin ya fassara wa sauran.

A rumfarsu ta ganyen kwakwa na kwana, mashin a gefena. Barci bai yi daɗi ba, gurnanin nan ba ya ɗagawa. Da gari ya waye na duba mashin sai na yi salati. Sarƙar da na shafe da mai a Kwatano ta yi ja. Wayoyin taya sun yi ɗigo-ɗigo, notin madubi kamar ya shekara a bola. Dare ɗaya! A Gombe ƙura ce abokiyar gabarmu, ita kuwa a hankali take cin inji. Nan iskar kanta gishiri ce. Daga ranar, kullum da safe sai na wanke shi da ruwan rijiya na bi sarƙa da baƙin mai, duk da haka tsatsa ta riga ta samu gindin zama.

Ta bakin ruwa na shiga Wida, wato ta inda wasu suka fita. Wata babbar ƙofa ce tsaye ita kaɗai a kan rairayi, ba bango ba gida, an gina ta a 1995 don tunawa, suna kiranta ƙofar da ba a dawowa. A samanta an zana mutane a jere, ɗaure, sun nufi jirgi. Daga nan hanya ta miƙe kamar kilomita 4 zuwa cikin gari, na bi ta a hankali ina karanta ta daga ƙarshe zuwa farko: ramin da aka zuba waɗanda suka mutu kafin a kai ga jirgi, wurin ɗakin duhun da ake tsare su, wurin bishiyar da masu jagora ke cewa ana sa maza su zagaya sau tara, mata sau bakwai, wai don su manta gida, sai dandalin da ake ciniki, gaban gidan Francisco Félix de Souza, babban dillalin da ake kira Chacha. Sama da mutum miliyan ɗaya aka fitar ta wannan gari. Akwai ɗakin tsafin mesa daura da babbar majami'a, inda ake rataya wa baƙi maciji a wuya a ɗauki hoto. Na gode musu daga bakin ƙofa.

A tsohuwar ganuwar Turawan Fotugal, wadda suka riƙe tun 1721 har 1961, aka yi maganar wuri. Ashe ba a wannan tekun ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya Turawa ke lodo shi, su zagaya da shi ta ƙasarsu, su sauke a nan su sayi mutane. Daga nan ya bi fatake ya hau arewa ya zama kuɗinmu. Na tuna kwallar Hajja, da yadda muke sata muna wasa da shi muna yara.

Daren nan a masallacin da na sauka na ɗauko waya na bi maganar malamin Porto-Novo. "Har da naku." Gaskiyarsa. A shekarun jihadi, daga 1804 zuwa gaba, kamammun yaƙi daga kowane ɓangare an yi ta gangarowa da su kudu hannu zuwa hannu, da yawa suka ƙare a Bahia ta Birazil. A 1807 aka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a Salvador. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna suka yi fito-na-fito da sojoji, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. A makaranta an koya mana tutocin Shehu da wanda ya karɓi kowacce, har da Modibbo Bubayero namu. Ba wanda ya taɓa ce mana wani almajiri da aka kama a irin waɗannan yaƙe-yaƙe ya ƙare yana rubuta laya a ƙetaren teku. Bature ya kawo jirgi, wannan ba musu. Amma ba Bature ne ya kamo mutum daga ƙasar Hausa ya miƙa shi kudu ba. Na kashe waya na fita waje. Ana jin teku daga nesa. Kakana bai yi ƙarya ba, iya abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa.

Bayan Wida jikina ya yi sanyi, na riƙa wucewa kawai. Na ƙetare kogin Mono, na kwana a Grand-Popo inda teku ta cinye yawancin tsohon garin, na shiga Togo ta Hillacondji. A nan na ga agogon wayata ya koma baya da awa ɗaya, na ɗauka lalacewa ya yi, ashe lokacinsu ke nan. Gaɓar Togo duka ba ta kai kilomita 60 ba. Aneho gari ne mai kyau tsakanin tafki da teku, shi ne hedikwatar Jamusawa kafin su koma Lome a 1897. A hanya an nuna mini guntayen kwalta a cikin ruwa, tsohon titi ne da teku ta karɓe.

A Lome dokar Baba ta ba ni wahala, domin zangon ba ya kusa da ruwa. Da can a tsakiyar gari yake, aka tashe shi a 1977 aka mai da shi can arewa da birni. Na same shi cike da direbobin Nijar da Burkina masu jiran lodi daga tashar jiragen ruwa. Hausar 'yan zangon ta sa ni murmushi: mace ma "ya zo" ne. Mu da Kanawa ke yi wa tsiya cewa ba mu rabe mace da namiji a magana, ashe muna da 'yan'uwa. Aka kai ni gaida wani tsoho da aka ce ya yi fataucin goro tun yana saurayi. Na durƙusa na faɗi sunan kakana da garinsa, zuciyata na bugawa. Ya yi tunani, ya girgiza kai.

"Falken goro daga Gombe? Jikana, ai sun fi a ƙirga. Ka ci abinci?"

Kan iyakar Gana a bakin birnin take, titin gaɓa ne ke kai ka har ƙofar Aflawo. Na je na tsaya ina kallon masu ƙetarawa da kaya a ka. Ankara na gaba, ba ta kai tafiyar yini ba. Na zauna gindin kwakwa na ƙirga abin da ya rage, na ware kuɗin mai da na shingaye da na tirelar komawa, sai na ga aljihu ya yi magana. Na sayi jarka mai lita 4, na nannaɗe wando na cika ta. Na juya mashin, teku ta koma dama. Abin da na yi kwana 11 ina bi, bai fi zuwa Bauchi daga Gombe da ɗan ƙari ba, a yini ɗaya da rabi na maimaita shi. A wani shinge aka ce in buɗe jarka, na ce ruwan teku ne, mutumin bai yarda ba sai da ya kurɓa. Bai ƙara tambayata komai ba.

Na iso gida da hantsi a bayan wata tirelar, fuska duk ƙura. Yaran gareji suka kewaye mashin suna taɓa tsatsa, babbansu ya ce, "Oga, a rijiya ka ajiye shi?" Muka zuba rabin ruwan a faranti muka ɗora a kan kwanon rumfa. Iskar hunturu ba ta ɗauki kwana biyu ba ta shanye shi, ya bar farin gishiri a manne. Na kankare a takarda na kai wa Hajja.

Ta dangwala da yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Na kasuwa ya fi shi. To, ka ga ruwan?"

"Na gani, Hajja."

"Ba tsallaken?"

"Akwai. Ba a dai hango shi. An kai mutane can."

Ta dube ni ta ɗan jima, ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin filo. Sannan ta miƙo hannu.

"Ina goron?"

Sai a lokacin na tuna. Na wuce Shagamu sau biyu.